Jirgin Kawu a Bakin Ada

Kira biyu ne suka kai ni Gana, kuma rana ɗaya suka iso. Na farko gayyatar ɗaurin auren autar Kawu ce, ƙanen mahaifiyata da aka haifa a Ankara ya kuma tsufa a can. Na biyu daga babban ɗansa ne, wanda ya turo mini hotunan gindin wani tsohon jirgin ruwa duk ya yi ƙuraje, ya biyo su da saƙon murya: "Yaya, kai ne malamin sinadarai. Wani mai fenti ya ce sai an shafe gindin jirgin Baba da fentin tare ruwa, sidi 12,000, in ba haka ba wai jirgin zai lalace. Ka zo ka gani da idonka kafin mu ci bashi." A lokacin sidi ɗaya ya haura naira 100, wato maganar sama da naira miliyan ɗaya ake yi. Kawu kuwa ɗan fansho ne, ga hidimar aure a gabansa.

Ranar Litinin ta farkon Disamba na shiga doguwar motar Legas a Sabon Gari bayan la'asar, hazo ya rufe Kano, leɓɓa sun fara tsagewa. Kuɗin mota naira 40,000 da 'yan kai. Mahaifiyata ta cika mini jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da turaren wuta, ni kuma na ƙara da kilishi da huluna biyu. Ta ce in gaya wa ƙaninta har yau tana tuna famfon da suke ɗibar ruwa a unguwar Legos Tawun ta Ankara. Rabonta da wurin tun 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin barin Gana. Kakanmu, bafataken goro, ya kwaso wasu 'ya'yansa ya dawo Kano, Kawu kuma ya zauna wurin mahaifiyarsa wadda 'yar zango ce haifaffiyar can.

Zariya da Kaduna da Abuja duk cikin dare muka wuce su. Kusa da Lokoja na farka muna bisa gadar Kwara, ruwan baƙi ƙirin, sai 'yar fitilar wani masunci can nesa. Daga Okene zuwa gaba iska ta sake, na cire rigar sanyi, ban ƙara neman ta ba sai da na dawo gida. Mun shiga Legas da azahar ɗin Talata, na sauka Agege gidan wani abokin karatuna mai sayar da kayan gwari. Ya hana ni zancen masauki tun ban rufe baki ba, ya sa aka yi mini shimfiɗa a ɗakin baƙi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe kamar a Fagge nake.

Da asubar Laraba muka kama hanyar Badagiri. A Seme aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, na canza naira zuwa sefa, muka shiga Kwatano, inda 'yan acaɓa masu rawayar riga suka cika titi kamar fari. Wida, Gran Popo, sai iyakar Togo, a nan agogo ya koma baya da awa ɗaya. Faɗin Togo a bakin teku bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, kafin mutum ya gama kallon itatuwan kwakwa ya iso Lome. Dogon burodin Faransa da aka tsaga aka cusa wa fiya da albasa na saya a sefa 500, ya riƙe ni har dare. Abin da ya ba ni mamaki shi ne iyakar Gana a cikin birnin take: kana Lome, ka taka 'yan taku, kana Aflawo.

A Sogakope muka haye kogin Volta. Mata suka yi wa motar caa da burodin garin da ya yi suna, da kumbar kogi da aka soya aka jera a tsinke kamar tsire. Wani fasinja ya nuna arewa ya ce can ne Mepe, garin da ruwa ya ci a Oktoban 2023 da aka buɗe ƙofofin madatsar Akosombo. Da muka zo mararrabar Kasse direba ya nuna hagu ya ce Ada ke nan. Na leƙa hanyar, na san zan dawo mata, don can jirgin Kawu yake.

Bayan isha'i muka shiga Ankara ta babbar hanyar Tema. Ɗan Kawu ya tarye ni a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, muka hau tasi zuwa Niyu Tawun, sunan da Legos Tawun ta koma. Tun daga bakin lungu Hausa ta fara shiga kunnena. Hausa ce sosai, sai dai ta sha ruwan kurmi: mace ma "ya zo" ake ce mata, ana tsarma Turanci da Tuwi, ga wani irin gaggawa a harshen. Matar Kawu, wadda kowa ke kira Mma, ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, wai fuskar yayar mijinta ta gani. Kawu bai yi magana da yawa ba. Ya shinshina daddawar, ya ce, "Wannan ta Kano ce." Aka kwashe samarin gidan daga ɗakinsu aka ba ni, duk da gidan ya cika da 'yan biki.

Zama a Niyu Tawun da Nima da Mamobi zaman matsi ne. Gida ɗaya mai tsakar gida ɗaya sai ka tarar da iyali takwas, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Lungunan Nima sun fi na Ƙoƙi da Yakasai ƙunci, babban kwalbatin da ya ratsa unguwar kuma shi ne abin da kowa ke tsoro in damina ta zo. Amma akwai abin da ya burge ni. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bamoshe da Bakotokoli da Badagombe duk sahu ɗaya, harshe ɗaya, ba mai tambayar wani asalinsa kafin ya ba shi wurin zama. Tsofaffi suna cewa Malam Amadu Futa ne ya karɓi filin Nima daga hannun wani gidan ƙabilar Ga na Osu a 1931, makiyaya da fatake suka bi shi suka zauna. Ita kuwa Niyu Tawun yanzu unguwar maɗaba'u ce, injunan buga takardu suna ta kaɗawa har tsakar dare, kuma a nan bayan gidan Kawu aka buga katin auren namu.

Abinci ne ya fi nuna mini nisan da kakanninmu suka kai. Da safe koko da ƙosai, wanda duk Gana ke kira kokon Hausa, ya sha citta da kanumfari da barkono har yana yi wa maƙogwaro susa, a lokacin sidi 10 ka ƙoshi. Da hantsi wace, wato shinkafa da wakenmu ce sunan ya gajarce, sai dai su da karan dafi suke dafa ta, wanda dukawanmu ke rina fata da shi, shi ya sa take fitowa ja. A zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda da baƙin yajin nan shito, a naɗe a ganye, a lokacin sidi 30. In ka juya shi zuwa naira sai gabanka ya faɗi, don kuɗin ya sayi kwano biyu a Kano. Tuwon zafi da miyar ayoyo, fura, tsire da suke kira cicinga, duk namu ne suka yi aure a can. Wurin ciniki kuma sai an yi hattara. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗin Gana, amma tsofaffin mata har yau da tsohon lissafi suke magana. Wata mai goro a kasuwar Malam Atta ta ce mini "dubu hamsin", na tsaya cak, sai ɗan Kawu ya raɗa mini cewa sidi 5 take nufi.

Juma'a muka yi a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina da siffar masallatan Santambul aka buɗe a 2021. Lahadi aka ɗaura aure, kamar yadda aka saba a zangunan Ankara, aka raba goro da alawa, mata suka yi wuni da anko. Da daddare, bayan gida ya lafa, Kawu ya kira ni ƙofar ɗakinsa ya ba ni tarihin jirgin.

Shekara 20 da wani abu ya yi yana yi wa wani Bature ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Tema aiki. Da farko direba ne, daga baya ya zama shi ke kula da jirgin shaƙatawar maigidan a Ada, har ya koyi sarrafa shi da iska. Da Baturen ya yi ritaya zai koma ƙasarsu, sai ya miƙa masa takardun jirgin ya ce ladan amana ne. Yanzu ɗansa yana so ya riƙa ɗaukar masu yawon buɗe ido da shi ranakun Asabar da Lahadi. "Ɗana," in ji Kawu, "jirgin nan ya haura shekara 40 a ruwa bai taɓa ba ni kunya ba. In yana bukatar maganin nan, zan sayar da filina na Kasowa in yi masa. In kuma ba ya bukata, kada a raba ni da filin a banza."

Litinin da sassafe muka hau torotoro, ƙaramar bas ɗin haya, mu uku. Tema, Dawenya, Sege, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai gajerun itatuwa da shanu jefi-jefi, kai ka ce hanyar Gumel ce ba don danshin iska ba. A dama can akwai tafkin Songor inda ake haƙar gishiri tun kaka da kakanni. Daga Kasse muka karya zuwa Ada Fowa, tafiyar awa biyu da rabi gaba ɗaya. Garin yana kan wani siririn harshen ƙasa, kogi ta nan, teku ta can, gidajen hutun masu kuɗin Ankara sun jeru a bakin kogin kowanne da jirginsa.

Namu yana kan tirela a wani fili ƙarƙashin itatuwan kwakwa, mako uku ke nan da fito da shi. Tsawonsa mita 7 ne, fari, an kwantar da dogon turken da ake ɗaura wa ƙyallen iska a bisa rufinsa. Mai gadin filin wani tsoho ne ɗan ƙabilar Dangme, wanda ya ƙare rayuwarsa a gyaran jiragen faiba. Kowa Baba yake ce masa, har da Kawu da suke kusan sa'a. Yana jin Hausa daidai ta kasuwa, sauran ɗan Kawu ya fassara.

Baba bai fara da magana ba. Ƙaramar guduma mai kan roba ya ɗauko, ya durƙusa ya bi gindin jirgin yana ƙwanƙwasawa taki bayan taki, kunnensa a kusa. Inda jiki yake lafiya sai ka ji ƙara tsaf, kamar sabuwar ƙwarya. Inda faiba ta rabu da 'yar'uwarta, in ji shi, ƙarar takan mutu kamar ta ƙwarya mai tsaga. Ya zagaye jirgin sau biyu bai ji mutuwar ƙara ba. Sannan ya ba ni alli ya ce in zagaye kowane bororo. Na ƙirga 34, yawancinsu kamar ƙwayar wake, uku ne suka kai ƙwandala, kuma kusan duka a gefe ɗaya, ɓangaren da Kawu ya ce shi ke kallon rana a inda ake ɗaure jirgin. Ya sa tabarau, ya ce mu ja baya, ya huda babban da tsinin wuƙa. Wani ruwa mai ɗan yauƙi ya yi tsartuwa, warinsa tsami kamar ruwan khal. Ya kankare wurin a hankali har ya kai ga faibar, ya kira ni in duba. Tana nan garau, mai duhu da ƙarfi, zarenta bai yi fari ba, bai yi laushi ba.

Abin da ya gano da hannu shi ne na sani a littafi, kuma a nan ne na yi wa Kawu bayani muna zaune a kan wani gungumen kwakwa. Jikin irin wannan jirgi zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani danƙo mai suna poliyesta, aka jera shimfiɗa bisa shimfiɗa har ya daskare. A waje akwai wata fata mai sheƙi, jelkot, kaurinta kamar rabin milimita. Tun shekarun 1940 aka fara irin wannan ƙira a Amurka, zuwa shekarun 1960 da 1970 ta kori katako daga kasuwar ƙananan jirage, kowa yana murna an sami abin da ba ya ruɓa. Sai daga baya aka lura cewa fatar nan kamar randa take: ba ta yoyo, amma danshi yana ratsa ta sannu a hankali. In ruwan ya shiga ya tarar da wani ɗan gurbi da iska ta bari lokacin ƙira, da ragowar sinadaran da ba su gama haɗuwa ba, sai ya narkar da su ya zama ruwa mai kauri da tsami. Shi kuma ruwa mai kauri ɗabi'arsa ce ya jawo marar kauri zuwa gare shi, yadda busasshen zabibi ke kumbura in an jiƙa shi. Hanyar shiga a buɗe, ta fita a rufe, don abin da ya narke ya fi ƙarfin ramukan fatar. Haka gurbin zai yi ta cika har fata ta tashi. A shekarun 1980 masana a Jami'ar Rod Ailan ta Amurka sun bi diddigin wannan, kuma tun daga wajen lokacin maƙera da yawa suka koma amfani da danƙo mafi inganci a shimfiɗar waje. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin jawo cutar, ruwan daɗi kuma ya fi na gishiri. Bakin Ada ya haɗa duka: ɗumi shekara zagaye, ga ruwan Volta yana sirka na teku.

Fentin da mai fenti ya ambata kuwa gaskiya ne akwai shi, kuma yana aiki. Ifoksi ne, gwangwani biyu ake haɗawa, a shafa sau huɗu ko biyar har kaurinsa ya kai wajen rubu'in milimita, kuma ya fi jelkot tare danshi nesa ba kusa ba. Daga waje ake shigo da shi, da dala ake lissafinsa, shi ya sa tsada. Ba shi ne jan fentin da ake gani a gindin jirage ba. Wancan mai jan ƙarfe ne, aikinsa hana gansakuka da ƙananan kumba mannewa, duk shekara ɗaya ko biyu ake sabunta shi, kuma ba ya tare ruwa ko kaɗan. Mutane da yawa suna rikita su.

Kawu ya ce, "To ai shi ke nan, tunda yana aiki a shafa mana."

Na ce, "Kawu, ka tuna gidajen ƙasa na cikin birni da aka yi wa yaɓen siminti?"

Ya tuna, don ya zo Kano sau biyu. Magabata da makuba ko laso suke yaɓe, ginin yana shan iska, in ya jiƙe ya bushe. Da aka zo ana lafta siminti a kan katangar da ke da danshi a cikinta, sai danshin ya rasa mafita, ƙasar ta yi ta laushi a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓanɓaro faifai guda ya zubo da rabin katangar. Haka ifoksi yake a kan jiƙaƙƙen jirgi. Yadda yake hana ruwa shiga, haka yake hana shi fita. Wanda ya shafa shi mako uku bayan fito da jirgi daga ruwa ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki, bayan shekara ɗaya ko biyu bororon zai dawo, wannan karon har da fentin mai tsada a bisa kansa.

Baba ya gyaɗa kai da aka fassara masa. Ya shiga rumfarsa ya fito da wata 'yar na'urar auna danshi da wani mai jirgi ya bar masa. Ya kankare jan fentin a wurare shida, faɗin tafin hannu, don jan ƙarfen da ke cikinsa yana ruɗa na'urar. Ya fara ɗora ta a sama, inda ruwa ba ya taɓawa, sannan ya ɗora a ƙasa. Allurar ta yi tsalle. Ya ce shi ba lambar yake kallo ba, tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa yake kallo, kuma ba ya shafa komai sai sun kusa zama ɗaya. Sannan ya yanko farar leda ya manna a kan wuraren da ya kankare, ya liƙe gefunan da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ce mu je mu ci abinci, gobe leda za ta yi magana.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki, ɗaki sidi 200, da fanka da gidan sauro. Matar Baba ta aiko mana da banku da gasasshiyar karfasa da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir, ta ƙi karɓar ko sisi, wai baƙon da ya taso daga Kano ba a sayar masa da abincin dare. Mutanen nan ba addininmu ɗaya ba, amma da lokacin magariba ya yi jikanta ne ya kawo mana buta da tabarma ba tare da mun tambaya ba.

Da safe kafin mu koma wurin jirgin muka taka zuwa bakin teku. Talata ce, ranar da masuntan teku da yawa a gaɓar Gana ba sa fita, don haka manyan kwale-kwalen suna kan yashi a jere, sun sha fenti da tutoci da rubuce-rubuce. Gindin kowanne gungumen bishiyar wawa ne guda ɗaya da aka sassaƙo daga kurmi, aka ɗora masa katakai a gefe. Masu su suna ta cusa tsumma da kwalta a tsagu. Katako in ya fara ciwo yana nunawa, mai shi yana gani yana taɓawa. Faiba kuwa tana iya sheƙi a waje alhali ciki ya sha ruwa, ko kuma ta yi ƙurajen da za su firgita mai ita alhali ƙashinta lafiya lau.

Tunanina ya tafi gida. Ban manta 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutum kusan 30 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ban manta Pategi ba a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 'yan biki suka halaka a Kwara. Tun daga nan hukumomi suke ta kiran a bar jiragen katako a koma na faiba, wasu jihohi har sun fara raba su. Ina goyon bayan haka, tare da rigar ruwa da hana lodin wuce kima. Amma ban taɓa jin an ce za a koya wa masu jirgin Yawuri ko Tiga yadda ake duba gindin faiba ba, alhali ruwanmu shi ne ainihin wanda cutar ke so, mai daɗi mai ɗumi, jirgi kuma yana kwana a ciki shekara da shekaru. Abin takaicin shi ne muna da maganin da Turawa ke kashe kuɗi su kunna na'urorin ɗumama don su samu. Hunturunmu yana busar da tufafi kafin a gama shanya. Jirgin da aka ja tudu aka kifa daga Disamba zuwa Janairu ya sami abin da na Ada zai yi wata uku yana nema, don ko a tsakiyar hunturu iskar bakin teku ba ta rabuwa da laima.

Da muka isa, ledoji huɗu cikin shida sun yi raɓa ta ciki, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya. Kawu ya shafa da yatsa ta waje, ya yi shiru.

A nan muka yanke shawara, mu huɗu a tsaye. Da gudumar ta sami wurin da ya rabu, ko bororon ya kai ɗaruruwa ya nutsa cikin faiba, da sai an feƙe fatar gindin gaba ɗaya, a busar wata da watanni, a sake shimfiɗa, sannan ifoksi ya zama dole, don ba za a mayar da jirgi ruwa tsirara ba. Haka ma da wani ya taɓa gurje jelkot ɗin da inji har ta yi siriri. Namu ba haka yake ba. Jirgin da ya yi shekara 40 a ruwan ɗumi bai fitar da abin da ya wuce ƙuraje 34 na saman fata ba ya riga ya ba da shaidar irin danƙon da aka ƙera shi da shi, kuma ni na fi yarda da wannan shaida a kan tsoron da ake sayarwa tare da gwangwani. Don haka za a buɗe kowane bororo a kankare shi har lafiyayyen wuri. Za a riƙa wanke ramukan da ruwan famfo duk bayan kwana biyu ko uku, abin da ya ba ɗan Kawu mamaki, wai yaya za a busar da abu ana zuba masa ruwa. Baba ya ce tsamin nan da ke ciki shi ke riƙe danshi, rana kaɗai ba ta fitar da shi, sai an ɗauraye shi. Za a yi wa jirgin rumfar ganyen kwakwa, a buɗe ƙofofinsa, a tsane ruwan da ke kwance a cikin cikinsa, don ta ciki ma faiba tana sha. In Fabrairu ta yi, leda ta kwana a bushe, allura ta sauka, sai a cike ramukan da ifoksi mai kauri, a goge da samfefa, a shafa wa wuraren kaɗai, a bi da jan fenti. Ƙaramin gwangwani ɗaya ya isa. Daga nan kuma duk hunturu a fito da shi ya huta mako shida, a ƙirga da alli. In wata shekara lissafin ya ninka, a sake zama.

Baba ya yi lissafin kayan aiki da ladansa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin farko ba. Ɗan Kawu ya ɗan ɓata rai, don ya so ya kama kasuwar Kirsimeti, lokacin da Ada ke cika da baƙi. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce Ista ma tana nan tafe.

Na kwana biyu a Niyu Tawun kafin in juyo. Mma ta haɗa wa mahaifiyata kwalbar shito da atamfa turmi biyu da sabulun salo, Kawu kuma ya kai ni wani lungu ya tsaya gaban wata katanga ya ce in ɗauki hoto, a nan famfon yake a da. Yanzu shagon buga katin biki ne.

Ranar 20 ga Fabrairu ina cikin aji wayata ta yi motsi. Da na fito na tarar da hoto daga ɗan Kawu: farar leda manne a gindin jirgi, a bushe ƙayau, yatsan Baba yana nuna ta. A ƙasa akwai saƙon murya, Kawu ne da kansa, iskar teku tana kaɗa maganarsa. Ya ce ramuka 33 sun bushe an cike su, ɗaya ne kusa da gindin matuƙi har yanzu yake tsatstsafo, Baba ya ce a ƙara masa mako biyu. Ya ce in gaya wa yayarsa filin Kasowa yana nan, kuma ya fara sayen bulo.